Abu Shamsiyya

Ba zan taɓa mantawa da kakar riɗin da ta wuce ni a bakin shagona ba. Riɗin gona guda ne, na Hajj Babikir, babban manomi daga Hawata, wanda yake neman dillali ɗaya a Gadarif da zai danƙa wa amfaninsa duka. Mu biyu muke nema: ni da Adam Tahir, maƙwabcina a kasuwa, mutumin da ya gaji shago da sito daga ubansa. Ni kuwa ban gaji komai ba sai ciwon baya.

A wurin wani ɗaurin aure muka haɗu mu uku. Mai lasifika yana gabatar da baƙi, kowa da irin hular da yake ɗora masa. Mawaƙin da aka ɗauko "tauraro" ne. Limami "mashahurin malami". Wani da ya taɓa buga ƙwallo ya karye "fitacce". Da ya zo kan Adam sai ya ja numfashi ya ce "shahararren attajiri". Ni kuma, a gurguje, kamar mai kiran akuya: "da sanannen dillali, Isiyaku."

Sananne. (Mahaukacin tasha ma sananne ne. Ramin da ke bakin masallacinmu sananne ne.)

Ana watsewa Hajj Babikir ya riƙe hannuna ya ce, "Ya Hajj Isiyaku, gobe zan shigo kasuwa. Ba ni lambar wayarka."

A nan shaiɗan ya zauna mini a harshe. Na ɗaga murya yadda Adam zai ji, na ce, "Lamba ta me, ya Hajj? Ka tsaya ko'ina a kasuwar nan ka ce shahararren dillali Isiyaku. Wanda ka fara tambaya shi zai kawo ka."

Ya ce, "Tamam, shi ke nan."

Washegari na sa sabuwar jallabiya, na sa aka share shago, na ce wa Hajja Sakina mai shayi, wadda muke kallon juna shekara da shekaru, ta tanadi jabana, wato kofi mai citta, don babban baƙo. Na zauna na harɗe. Hantsi ya yi. Rana ta take. Kofi ya huce, aka sake dafawa, ya sake hucewa.

Sai bayan azahar na hango shi, rawani ya karkace, gumi ya jiƙa masa baya. Kuma wa ke riƙe da hannunsa kamar ɗan'uwa? Adam Tahir.

"Ya zol, kai mutumin nan, ka wahalar da ni," in ji Hajj Babikir. "Na tambayi masu buhu, na tambayi masu kura, na tambayi mai awo. An kai ni wurin Isiyaku tela. An kai ni wurin wani Isiyaku mai gyaran taya. Da na ce shahararren dillali nake nema, sai aka nuna mini shagon wannan bawan Allah. Ya ba ni ruwa, ya ba ni abinci, ya zagaya da ni sitonsa."

Adam ya yi murmushin nan nasa mai maiƙo. "Ai baƙonka baƙona ne. Ga sanannen namu na kawo ka."

Ina neman abin faɗa sai Hajja Sakina ta ajiye ludayi ta leƙo. Ashe ita ma ya tambaye ta da safe, taku kaɗan daga inda nake zaune ina kallon wata hanyar.

"Abu Shamsiyya, wai kai ne Isiyaku?" Ta dafa ƙirji. "Wallahi ya Hajj, da ka ce mai lema, da jaririn kasuwar nan ya kawo ka."

Layin duka ya fashe da dariya. Abu Shamsiyya, wato mai lema: sunan da suka liƙa mini tun ina awon dawa a ƙasa, ƙarƙashin wata yagaggiyar lema da nake ɗaure wa da igiya. Na gina shago, na je Makka, na hana yarana amsa sunan, amma kasuwa ba ta taɓa sanina da sunan Isiyaku ba.

Hajj Babikir ya sha jabanata har kofi biyu, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, mun riga mun gama magana da Hajj Adam."

Har yau ina jin haushin mai lasifika, da Adam, da Hajja Sakina, kuma wanda na fi jin haushi shi ne mutumin da aka ce ya ba da lamba ya tsaya yin huɗuba. "Shahararre" kalma ce ta ranar biki, ana naɗe ta tare da rumfa. Sunan da ke kawo ciniki shi ne wanda masu buhu suka sani.

Riɗi ya tafi, jabana ta tafi, jallabiya ta sha ƙura a banza. Abin da na samu allo ne a saman shago, da zanen lema da lambar wayata manya-manya. Adam ya ce zanen ya yi kyau.