Ruwan Kwana Ashirin a Safiya Ɗaya

Wanda bai ga Manajan madatsar ruwan nan ba, bai ga shugaba ba. Mutum ne da kogi ma sai da izininsa yake tafiya. Makullan ƙofofin ruwa a ƙugunsa suke kwana, yana tafe suna kaɗawa, don kada wani ya manta. A gabansa ma'aikata Yallaɓai suke cewa. Yana juya baya ya koma Babban Famfo.

Wata Litinin wata malama mai binciken kifi ta shigo ofishinsa da laka har idon sawu. Ta ce akwai wani kifi mai dogon baki da ya kusa ƙarewa. Duk shekara yakan hauro kogi ya shiga wani rafi da ke ƙasan madatsar ya zuba ƙwai, amma bana ruwa ya janye, duwatsu sun tare masa hanya.

"Yallaɓai, kaɗan-kaɗan muke roƙo," in ji ta. "Iya gwiwa, kwana ashirin ba yankewa. A hankali suke hawa."

Babban Famfo ya dubi lakar da ta ɓata masa kafet, ransa ya sosu.

"Malama, ni ban iya aikin kaɗan-kaɗan ba. In yi kwana ashirin ina ɗiga ruwa, wa zai gani? Ruwanki duka zan ba ki, ko cokali ba zan rage ba, amma a safiya ɗaya. Kifin da ke da niyya ya shirya."

Ta yi bayani, ta yi zane, ta sake roƙo. Shi kuwa tuni yana waya da mai hayar rumfa.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa a bakin kogi, aka jera kujeru, aka rataya ƙyalle mai hotonsa da na kifin. Nasa ya fi girma.

"Yau tarihi zai rubuta cewa ni na buɗe wa kifi hanya!" ya faɗa a lasifika, ya sa aka wangale ƙofofin gaba ɗaya.

Ruwa ya fito da ruri. Ya kwashi kujerun gaba, ya haɗa da lasifikar, ya watsa kifayen can bisa rairayi. Rana na take tsaka Babban Famfo ya duba agogo, ya ce alkawari ya cika, a rufe. Kogi ya koma inda yake, ya bar kifaye a kwance.

Malama na bin su da bokiti tana hawaye, ko za ta samu mai sauran numfashi. Ya iso yana ɗage wando, masu kyamara na biye.

"Nawa ne, Malama?"

"Sittin da uku, Yallaɓai. Ba mai motsi."

Fuskarsa ta washe. Ya juya ga kyamara.

"Kun ji? Masana sun daɗe suna fama su san adadinsu, sun kasa. Ni a safiya ɗaya na jera musu su a fili!"

Aka tafa. Kuma gaskiya ƙidayar ta yi kyau, don har yau ba a sake buƙatar wata ba.