Yadda Na Samo wa Bukar Aiki

A shekararmu ta ƙarshe a kwaleji, nan Potiskum, zamanin mulkin soja da aiki ya yi wuya, malamar da ke ba mu shawara kan neman aiki ta shirya mana gwajin intabiyu. Har shugaban wata makaranta ta gayyato daga Damagum. Wa ta zaɓa ya fito a mai neman aikin? Bukar ɗan Gadaka, wanda kullum take yabon wasiƙarsa, tawa kuwa sai jan biro.

Abin ya tsaya min a rai. Na ce ni zan yi masa tambayoyin. Kwana uku na yi a laburare ina tsinto waɗanda za su ƙure shi, har kwat na aro don in yi kama da manya.

Ranar na harɗe ƙafa na dinga jefa masa su. Bawan Allahn nan ya yi ta amsawa a natse, kamar tare muka rubuta. Da na gama, baƙon shugaban makarantar ya dube ni ya ce, "Samari, ta ƙarshen nan, kai mece ce amsarka?"

Wallahi tambayoyin kawai na kwafo, ban kwafo amsoshinsu ba. Na tsaya ina gyaran kwat, aji ya kwashe da dariya. Bukar kuwa, baƙon ya ce ya kai masa takardunsa ranar Litinin ya fara aiki. Ni shekara biyu na yi ina yawo da fayil.

Har yau in muka haɗu wurin suna, sai ya jawo ɗansa ya ce, "Alhaji, ya gama karatu fa. Don Allah ka ɗan yi masa hassada, ko a dace."