Yadda Za Ka Shekara Bakwai da Gudumar Majalisa Ba Ka Faɗi Ra'ayinka Ba

Kai mai kwaɗayin kujerar Kakakin majalisar dokokin jiha, matso kusa. Matakan nan bakwai an gwada su a kan mutum mai rai, wani tsohon malamin firamare da 'yan jarida suka raɗa wa suna Ana-Nazari, kuma sun riƙe masa kujera shekara bakwai cur. Ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawarin guduma a hannu, jiniya a gaba, ɗan sanda yana buɗe maka ƙofar mota.

Mataki na 1: Ka samo matsalar da za ka yi kiwo

Kada ka fito takara hannu rabbana. Ana-Nazari da kogi ya fito. Garinsu yana hayi, asibiti yana wannan ƙetaren, gada babu. Ranar da ya ƙaddamar da takara ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya shiga ruwa gaban masu hoto, ya rantse in bai kawo gada ba kada a sake kiran sa ɗan garin. Yayarsa, ungozomar garin, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta bi gida-gida tana roƙa masa ƙuri'un mata.

Ka lura: matsala saniyar tatsa ce, mai hankali ba ya kai ta mahauta. In ka gina gadar a zangon farko, ina za ka naɗe wando a na biyu?

Mataki na 2: Kada ka tsone wa kowa ido

Ba a ba mai ra'ayi guduma. Da aka zo zaɓen Kakaki, manya biyu suka kaure, kowa da jama'arsa. Gwamna ya duba zauren ya hango wani a kujerar baya wanda wata shida bai taɓa ɗaga hannu ba. Ya tambayi na kusa da shi, “Wancan fa, me yake so?” Aka ce ba wanda ya sani. Washegari Ana-Nazari ya zama Kakaki.

Mataki na 3: Ka haddace matsayinka a kan manufofi

Ilimi, lafiya, noma, haraji, duk amsarsu ɗaya ce, sai dai ka sauya murya. In an tambaye ka makarantun da rufinsu ya yaye, ka ce ana nazari. In an matsa, ka ce maganar tana gaban kwamiti. In mai tambayar ya cika naci, ka cire tabarau, ka goge, ka ce Mai Girma Gwamna ya riga kowa hango wannan matsala.

Wata 'yar jarida ta taɓa tsare shi a bakin matakala ta ce, “Ranka ya daɗe, kai a karan kanka, kana goyon bayan dokar ko ba ka yi?”

Ya ce, “'Yata, tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai,” ya shige mota.

Ƙudirin gada kuwa shi da kansa ya gabatar, shi da kansa ya miƙa wa kwamiti. Fayil ɗin ya yi kauri mai kyau, har da shi aka tokare gurguwar ƙafar teburin ɗakin kwamitin.

Mataki na 4: Ka horar da kunnenka

A zaure da murya ake ƙuri'a. Za ka ce masu goyon baya su ce e, waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, sannan ka yanke wa ya fi ƙara. Sirrin shi ne ka karanta 'yar takardar da ta zo daga gidan gwamnati kafin ka saurara. Akwai ranar da zauren ya ɗauka da a'a har fankar sama ta girgiza, mutum ɗaya ne ya buɗe baki a ɓangaren e, shi ma hamma yake yi. Ana-Nazari ya ce masu e sun yi rinjaye, ya buga guduma.

Mataimakinsa yana zaune a gefe, hannu a haɓa, yana ɗaukar darasi.

Mataki na 5: Ka iya sallamar dangi

Nan ne masu raunin zuciya ke faɗuwa. Wata ranar Talata yayarsa ta shigo ofis da takalmin roba, ta ƙi zama a kujerar fata, ta ƙi taɓa lemon da aka kawo mata.

“Auta, damina ta kusa. Bara mata uku na rasa a bakin ruwa muna jiran mai fito. Ɗaya a kan cinyata ta cika.”

“Allah ya jiƙansu, Yaya. Maganar tana gaban kwamiti.”

“Su waye kwamitin nan? Nuna mini gidajensu in je in durƙusa musu.”

“Ba haka ake yi ba, Yaya. Akwai ƙa'ida.”

Ta juya ta fita ba sallama. Gaskiya kunya ta kama shi, har ya ɗaga waya zai kira shugaban kwamiti. Sai ya tuna Gwamna ba ya son Kakakin da ke tuno da abin da bai tuno ba, ya mayar da wayar. Kai ma in kunya ta kama ka, ka ƙara ƙarfin na'urar sanyi ka jira, tana wucewa.

Mataki na 6: In ka ji ƙishin-ƙishin tsigewa, ka ɗauke sanda

Duk ɗan majalisa ya san zama ba ya halatta sai sandar majalisa tana kan tebur. Da Ana-Nazari ya ji Gwamna ya gaji da fuskarsa kuma Mataimaki yana tara sa hannu, sai ya naɗe sandar a darduma, ya jefa a but ɗin mota. Ina za a ɓoye ta inda ba mai zuwa? Garinsu mana, tunda ba hanya. Da la'asar motarsa ta ratsa kogin ta kan yashi, ruwa ko taya bai rufe ba. Ya kwana yana yaba wa kansa wayo.

Mataki na 7: Ka duba sama kafin ka ƙetare

Wannan matakin Ana-Nazari bai bi ba. Da safe aka kece da ruwa, kafin hantsi kogi ya cika ya batse. Sai ga wayar Akawun majalisa.

“Ranka ya daɗe, sun shiga zaure. Tsohuwar sandar nan ta sito suka ɗauko suka goge. In ka iso da ta gaskiya kafin ƙarfe goma, zaman ya rushe.”

Ya rungumi sanda ya yi bakin ruwa, babbar riga tana jan taɓo. Kwale-kwale ɗaya ne, kuma ga yayarsa nan riƙe da wata mai naƙuda, suna neman inda za su taka su kai ga jirgin.

“Yaya, don Allah ku ba ni wuri. Kujerata za ta tafi.”

“Wuri ɗaya ya rage, na mijinta ne,” in ji ta. Ta dubi abin da ke hannunsa. “Miƙo sandar nan.”

Ya miƙa, don tun yana ƙarami bai iya yi mata musu ba. Ta caka kan sandar na zinariya a cikin ruwa tana gwada zurfi, taki ɗaya bayan ɗaya, har ta kai matar cikin jirgi. Aikin farko ke nan da sandar ta yi wa garin a shekara bakwai. Ta wurgo masa ita gaɓa, duk laka.

“Ungo kayanka. Jirgi zai dawo, ka jira kamar kowa.”

Akawu bai kashe waya ba. Ana-Nazari yana tsaye a nan ya ji an zo ƙuri'ar tsige shi, abokansa sun ɗauka da a'a, da ƙarfi, su da yawa. Ya ji muryar Mataimaki a natse tana cewa masu e sun yi rinjaye, ya ji ƙarar gudumarsa a hannun wani.

Hattara

Mai wannan jagora guduma ya yi maka alkawari, bai ce za ka mutu da ita ba. Babu ruwansa da tsigewa, cikar kogi, ko yayar da ta daina amsa gaisuwarka. Matar nan dai a cikin jirgi ta haihu, ita da 'yar suna nan lafiya, kuma ba majalisa za a gode wa ba. Sabon Kakaki ya yi alkawarin gada, ya kafa sabon kwamiti a kan tsohon teburin. Ana-Nazari ya koma hayi da zama. Duk damina za ka gan shi a bakin ruwa ya naɗe wando zuwa gwiwa, sai dai yanzu ba mai ɗaukar hoto.