Jakina da Tabawa Mai Ɗanwake

Ranar da malaman wata ƙungiyar nazarin basirar dabbobi suka zo Kura, na bugi ƙirji na ce jakina ya fi wasu mutane hankali, daga gona shi kaɗai yake kai kansa gida.

Na ɗora masa buhun albasa na sake shi. Muka biyo shi, su da kyamara, ni da taƙama. Ya wuce ƙofar gidana, matata tana leƙe, ya je ya tsaya wajen Tabawa mai ɗanwake.

"Malam, a zubo kamar kullum?" in ji Tabawa.

Malaman suka hau tafa masa. Har yau in na ce ba na jin yunwa, matata sai ta ce, "Bari in tambayi jaki."