Ranar da Na Ɓoye Jakar Ɗan Italiya a Rumbu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta matan unguwarmu ba za su bari ba. Don haka ku matso kusa ku ji daga bakina, tun da duk inda aka ba da labarin nan a Gazawa sai an ƙara mashi gishiri. Ni ce matar da ta ɓoye jakar Bature a rumbu. E, ni ce, kuma ban aiki kowa ya ba da haƙuri a madadina ba.

Ni dai ba mai yawo ba ce. In kun cire kasuwa da gidan biki da gidan gaisuwa, ƙafata ba ta wuce zaure. Lakol kuwa aji uku na yi, amma Allah ya ba ni kunne, abin da na ji sau ɗaya ya zauna. Duniyar da na sani a tele na san ta. Tun da aka sa mana pano mai kama hasken rana a kan rufi, kullum bayan la'asar tsakar gidana cike yake da mata, mai ɓarar gujiya da mai tsintar riɗi, muna kallon finafinan Koriya masu dogon zango da aka juya da Hausa, waɗanda ake zuba mana a kati a bakin tasha.

Akwai wani fim da ya riƙe mu wata huɗu cur. Duk sanda zaman lafiya ya yi yawa a cikinsa, sai a kawo 'yan Italiya. Baƙar kwat, ƙaton zobe, murmushi kamar na mutanen kirki. Su rungume mutum, su sumbace shi kunci biyu, su ce "kai ɗanmu ne," washegari a tsince shi a bakin teku. Kuma ba su rabo da wata doguwar baƙar jaka. Ranar da yaronsu ya yi aure, ranar ake buɗe ta a gabansa a miƙa mashi bindigar da ke ciki. Daga nan ya shiga ke nan, fita sai gawa.

Kowa da ra'ayinta a kansu. Dije, aminiyata tun muna 'yan mata, kullum cewa take, "Kyau kam Allah ya ba su, imani ne aka hana su." Madam Zali, malamar lakol da ke haya kusa da mu, ita ce mai ɓata mana kallo.

"Ku ji tsoron Allah," in ji ta. "Masu fim ɗin nan ƙila ko ƙasar ba su taɓa takawa ba. In 'yan Koriya suka tashi yin fim a kanmu, me kuke zato za su sa? Raƙumi da rairayi, shi ke nan."

Na ce, "Madam, ke da bokonki. Mutum zai tara motoci sababbi ya ƙone su ƙurmus don kawai ya yi ƙarya?"

Mata suka ce wallahi gaskiyata. (Ku riƙe wannan, don ranar da abin ya fashe ko ɗaya a cikinsu ba ta tuna ta taɓa goya mani baya ba.)

To ga inda zancen ya shafe ni. Wanda ya aiko da panon nan ɗana ne, kuma shekararsa tara a Italiya. Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Mu haka muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a yi doguwar hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. In ya bugo waya, "Lafiya?" "Lafiya." "To ga babanka." Shekara tara ban taɓa buɗe baki na ce mashi wane aiki kake yi ba. Malam, maigidana, ya ce mani a gidan abinci yake. Da na faɗa wa Dije sai ta ajiye tiren riɗi ta dube ni.

"Gidan abinci? A fim da me 'yan Italiyan suke fakewa in ba shi ba?"

Tun daga ranar tuwo ya daina yi mani daɗi.

Ana haka yaron ya aiko zai zo ya yi aure, kuma da ubangidansa zai zo, wani dattijo wai shi Jino. Ranar da suka iso ina leƙe ta ramin zana. Mota ta tsaya, jandarma biyu suka fara sauka. (Daga baya aka ce mani doka ce, Bature ba ya shigowa yankin nan sai da rakiya. A lokacin ni dai cewa na yi har hukuma ya saya.) Sai ga shi ya fito: gajere, mai tumbi, baƙar kwat a cikin zafin nan, zobe a yatsa. Malam ya miƙa mashi hannu, shi kuwa ya jawo Malam ya sumbace shi kunci biyu. Malam ya sandare kamar an dasa shi. Sannan ya dafa kafaɗar yaron ya faɗi wata magana, yaron ya juya da Hausa yana sunne kai: "Ya ce ni ɗansa ne."

Dije ta matse mani hannu har sai da na ji ƙashi. Ba mu gama farfaɗowa ba aka buɗe bayan mota aka zaro ta. Doguwa, baƙa, ta fata, da 'yar kuba a baki. Wani ya kai hannu zai ɗaukar mashi, ya hana, ya rungume ta a ƙirji kamar jinjiri.

Ku faɗa mani, saura me?

Da yamma ina tankaɗe a bayan ɗakin Malam, na ji yaron yana ce wa ubansa, "Gobe in an shafa fatiha zai buɗe jakar a gaban kowa. Ya ce kada a faɗa wa Inna." Kunnena bai taɓa cin amanata ba, haka ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Wata uwar da sai ta kira ɗanta ɗaki ta tambaye shi. Ni ta ina zan fara? In ce da wa? Malam kuwa na san amsarsa: "Ke da finafinanki."

Da safe maza suka tafi ɗaurin aure gidan su amarya, har da Baturen, an sa mashi babbar riga a kan kwat. Na sa Dije gadin ƙofa, na shiga ɗakin da aka sauke shi. Tana ƙarƙashin gado. Na ɗauko ta da bisimilla, ba nauyi sosai. Dije ta ce bindigar irin ta zamani ce, ba ta da nauyi. Na naɗe ta a tsohon zane, na taka turmi, na hau rumbu da shekaruna hamsin da wani abu, na cusa ta ƙarƙashin dammunan gero. Da na sauko ji na yi kamar na ciro ɗana daga rijiya.

Wajen azahar suka dawo. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, dangin amarya da suka zo daga Gidan Rumji sun cika ko'ina, an fara fito da abinci. Bature ya shiga ɗaki yana fara'a. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ta yi fari fat, ya kama hannun yaron yana magana da sauri. Kafin ka ce me, zance ya zagaya: an yi wa baƙo sata a gidan ango.

Nan lissafina ya fara kwancewa. Na zaci zai yi shiru, tun da mai mugun kaya ba ya cigiya. Sai ga tsoho ya zauna a bakin rijiya yana share hawaye da hannun babbar riga. Malam ya rasa inda zai sa fuskarsa a gaban surukai. Jandarma ɗaya ya ce kowa ya tsaya inda yake, za a duba kayan mutane. Wata gwaggon amarya ta miƙe tana tafa hannu: "Mu za a caje? Daga zuwa kawo ɗiya sai a maishe mu ɓarayi? A ba mu ɗiyarmu mu koma!" Shi kuwa yaron yana tsaye a tsakiya da rigar angonci, ga mutumin da ya riƙe shi shekara da shekaru yana kuka, ga aurensa yana shirin watsewa tun ba a kai amarya ɗakinta ba.

Na waiga in ga Dije. Ta duƙufa a kan tukunya kamar tun da aka haife ta ba ta taɓa ganina ba.

Sai na gyara ɗaurin zane na fito tsakiya. Na ce, "Ba wanda za a caje. Ni na ɗauka."

Kowa ya waigo. Har awaki suka juyo suna kallona.

"Kuma ba sata na yi ba. Na san abin da ke ciki, na san abin da ake yi da shi ranar aure. Ku faɗa wa mutumin nan, wata tara na ɗauki yaron nan, ba zai miƙa mashi bindiga a tsakar gidana ba. In kashewa ne ya fara da ni!"

Malam ya ce, "Innalillahi. Wace bindiga?"

"A hau rumbu a gani."

Jandarma ya hau ya sauko da ita, duk ƙaiƙayi. Mata suka watse, gwaggon nan mai baki ta shige bayan randa, Dije kuwa ta kwanta rub da ciki a bayan turmi. Ni ban motsa ba, wannan ko maƙiyina ya shaida. Bature ya ciro kuba daga wuyansa, ya buɗe, ya warware wani farin ƙyalle.

Sanda ce. Sandar icce, sumul, doguwa kamar taɓarya amma siririya, ta yi duhu don shan hannu. Da hoton wata tsohuwa mai dariya.

Ya yi magana a hankali, yaron yana juyawa, idonsa a ƙasa. Sandar murza taliya ce. Ta matarsa ce da ta rasu bara, ita ma daga uwarta ta gada. A garinsu uwa ke ba ɗiya, su kuwa Allah bai ba su haihuwa ba. Shekarun baya sun tsinci yaron nan a tashar jirgin ƙasa yana rawar sanyi da zazzaɓi, matar ta yi jinyarsa, ta koya mashi murza taliya da wannan sandar, har ya zama shi ke riƙe da madafar gidan abincinsu. Da za ta rasu ta ce a kai wa matar da ta haifa masu ɗa.

Wato ni. Kyautata na sace na kai rumbu.

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige. Wata daga baya ta fara ƙyalƙyalewa, sai gida ya ɗauka gaba ɗaya, har jandarman yana riƙe ciki. Madam Zali kallona kawai ta yi, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Bature ya tambayi abin da na faɗa. Na yi wa yaron ido, amma ya juya mashi duka, ya ƙara mashi da labarin finafinan Koriya. Tsohon ya fashe da dariya yana buga cinya. Ya ce shekararsa saba'in da ɗaya, abin da ya taɓa kashewa bai wuce sauro ba, kuma a ƙasarsu ma sun gaji da wannan suna da 'yan tsiraru suka ja masu. Sai ya miƙo mani sandar da hannu biyu. Ya ce matarsa ma da haka za ta yi, sai dai ita da sandar za ta fito.

Gwaggon amarya ta fito daga bayan randa tana gyara kallabi, ta ce ita dama ta san gidan mutunci ne.

Washegari Baturen ya ce zai koya mani murza taliya. Na ce a faɗa mashi mu ma muna da taliyarmu 'yar murji tun kafin ya san hanyar Gazawa. Na dafa mashi da mai da yaji. Da ya ga na kama taliya na karya ta biyu zan zuba a tukunya, ya dafe kai ya yi wata ƙara, ya zazzaro ido yana yarfa hannu. Na ce wa Dije, "Kin gani? 'Yan Koriya ba duka suka yi ƙarya ba." Ya cinye kwanon tas yana hawayen yaji.

Kafin su koma na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a bayan zana, yaron yana ciki, na ce, "Kai, wannan. Aikin naka, da wuya?" Ya ce, "Inna, shekara tara ina jira ki tambaya." Muka yi hira har rana ta karkata, zana a tsakaninmu.

Yanzu a unguwa Jandarman Rumbu suke kirana, kuma ina amsawa. Na dai koyi abu guda: in za ka san halin mutanen wata ƙasa, kada ka tambayi mutanen wata ƙasar daban, balle in a bakin tasha aka zuba maka su a kati. Kallo kam ban daina ba, sai dai in 'yan Italiya sun fito nakan ce wa mata, "Ƙarya ne, ni ina da su a dangi." Sandar tana rataye a ɗakina, ba mai taɓa ta.

Amma wauta, a ce na yi wauta? Ban karɓa ba. Kunya na sha, na yarda, har da ƙari. To ku da kuke dariya, in ku ne kuka ga baƙar jaka da kuba, kuka ji da kunnenku an ce kada a faɗa wa Inna, ɗanku za ku bari, ko rumbu za ku hau?