Yadda Ake Faɗa a Kan Kujerar Jirgi Ana Sanye da Harami

Kai maniyyaci mai dogayen ƙafafu, matso kusa. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka rama duk abin da mai kujerar gabanka ya yi wa gwiwoyinka, kuma ka sauka Jidda Hajjinka bai ko ƙwarzane ba. An gwada hanyar a jikin Moro, telan nan na unguwar Nima a Akra wanda sai ya sunkuya yake shiga shagonsa, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ɗaura haraminka tun daga Akra

Kada ka jira sai an kusa. Moro ya ji malamin bita ya ce mai harami ba ya jayayya, ba ya zagi, ba ya sa ɗinkakken kaya. Daga nan barci ya ɗauke shi, sauran bayanin ya wuce shi. Saboda haka tun a filin jirgi ya tuɓe duk wani abu da allura ta taɓa, har wanda ba a faɗa, ya ɗaura farin gyauto biyu ya ɗame da bel. Tela ne na shekara talatin, ga shi yau cikin yadin da ko kalmasa babu. Matarsa Mariatu ta rako shi har bakin ƙofa.

"Moro, na san bakinka," in ji ta. "Wannan tafiya sau ɗaya ne. In ka yi faɗa ka ɓata shi, kar ka dawo mini da sunan Alhaji."

Riƙe wannan. Shi ne abin da kake karewa.

Mataki na 2: San wanda ke gabanka

Baƙo ba shi da daɗin faɗa. Ka roƙi Allah ya ba ka wanda kuka saba. Moro ya zauna, ya cusa gwiwoyinsa inda masu jirgin suka ware wa ƙafar ɗan yaye, ya ɗaga kai, sai ga wata ƙeya da zai gane ko daga can unguwar Kawukudi ya hango ta. Ƙeyar Abdulai ce, maƙwabcinsa mai kantin kayan masarufi. Shekara tara da suka wuce Abdulai ya turo katangar kantinsa taki ɗaya cikin lungun da suke tarayya, tun daga ranar Moro da gefe yake shiga gidansa, kuma ko sallama ba sa yi.

Jirgi na daidaita a sama Abdulai ya danna maɓalli ya kwanto. Taki ɗaya cif. Moro ya auna da ido, kuma idon tela ba ya ƙarya. Wato mutumin nan ko a sararin samaniya sai ya ci masa iyaka.

Mataki na 3: Yi faɗa da zikiri

Bakinka a ɗaure yake, amma ba a hana ka ambaton Allah ba. Matso da bakinka daidai tsagar da ke tsakanin kujeru ka ce "Hasbunallahu" da irin muryar da ake kiran ɓarawo. Moro ya yi sau arba'in. Abdulai ya amsa da "Alhamdulillahi" mai tsawo, irin ta wanda ya ƙoshi, ya ƙara gyara kwanciya.

Masana sun tabbatar cewa zikirin da aka yi da haƙora a cije yana kaiwa kujera uku gaba.

Mataki na 4: Sa gwiwa aiki

Gwiwa ba ta magana, don haka ba ta jayayya. Kafa su biyu a bayan kujerar ka riƙa turawa kamar kana taka keken ɗinki. Idan an kawo abinci, kada ka nemi a ce masa ya ɗaga. Ci haka nan, tire a maƙogwaro, domin kowa ya ga zaluncin. Moro ya ci shinkafarsa gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, miya ta ɗiga a farin gyauto, ya ji kamar ya yi kuka. Gaskiya abin da tausayi, mutum ya kama hanyar Ɗakin Allah amma duk zuciyarsa tana kan ƙeyar wani.

Ciki ya cika, wuri ya ƙara matsewa. Kwance bel ɗin ka sha iska. Moro ya kwance. Da turawa da murzawa, gefen gyautonsa na ƙasa ya zame ya shige maƙalar ƙarfen kujerar Abdulai, bai sani ba.

Mataki na 5: Yi tambaya bayan awa biyar

A gefen Moro akwai wani dattijo, Malam Zuberu, mutumin Damagaram da ke zaune a unguwar Kotobabi. Ya gaji da jin nishi.

"Bawan Allah, lafiya kake ta gurnani tun Akra?"

"Malam, ba don haramin nan ba, walahi da mutumin nan ya ji abin da bai taɓa ji ba kuraa, ko sau ɗaya."

"Ka yi niyya ne?"

"Na sa kaya dai."

"Ai sa kaya ba shi ne shiga harami ba. Sai an zo mikati, inda ake ɗaukar niyya, direba zai sanar. Saura kamar minti goma. Faɗa dai ba kyau ko yaushe, amma..."

Kada ka saurari abin da ya biyo bayan "amma". Moro bai saurara ba. Awa biyar ya yi yana haɗiye halattaccen zagi! Yanzu yana da minti goma, da shekara tara a ciki.

Mataki na 6: Miƙe tsaye

Faɗan zaune na matsorata ne. Moro ya yunƙura ya faɗa tsakiyar hanya da dukan tsawonsa, ya nuna ƙeyar da yatsa.

"Abdulai! Kai ɓarawon lungu! A ƙasa ka ci, a sama ma..."

Moro ya tashi, gyauton bai tashi ba. Yana can a maƙale, kujerar Abdulai ta riƙe shi gam. Sanyin na'urar jirgi ne ya fara ba shi labari. A layin baya akwai hajiyoyin unguwar Maamobi su goma sha biyu, waɗanda in ɗayarsu ta ga abu da safe, kafin azahar an ji shi har unguwar Malam, can ƙarshen Akra.

Abdulai ne ya fara waigowa. Gajere ne mai faɗi, kuma a ranar faɗinsa ya yi amfani. Ya yi tsalle ya tare hanya da bayansa, ya fizge mayafin kafaɗarsa ya naɗe ƙugun Moro, ya ɗaure tamau kamar yana ɗaure buhun sukari. Ya tsaya tumbi a waje yana haki.

"Maigida, zauna," ya ce a hankali. "Ba wanda ya ga komai."

Wata hajiya ta leƙo. "Me ya faru a can?"

"Ƙafarshi ne ya riƙe, Hajiya. Ina taimakonshi."

Nan take lasifika ta buɗe, aka ce an iso mikati. Jirgi ya ɗauki Labbaika. Moro ya yi niyyarsa sanye da yadin abokin gabarsa. Ba a jima ba ma'aikaciyar jirgi ta bi layi tana cewa kowa ya miƙar da kujerarsa za a sauka, Abdulai ya ɗaga, gyauton ya faɗo da kansa.

Mataki na 7: Koma gida ka jira

Wannan ne mai wuya. Moro ya dawo Alhaji, Mariatu ta yi guɗa, shi kuwa kullum kunnensa na majalisar shayi yana jiran ranar da Abdulai zai buɗe baki. Mako ya wuce, wata ya wuce. A Nima, inda ko tari ka yi a ɗaka maƙwabci zai ce maka sannu, ba a ji komai ba. Abdulai sai dai ya ɗaga kai daga kanti ya ce, "Alhaji, an tashi lafiya?" ya ci gaba da awon gari.

Wata uku Moro ya iya ɗauka. Ranar wata Juma'a ya shiga majalisa ya ba da labarin da bakinsa, tun daga bel har sanyin na'ura, aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. A nan na ji.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba malami ba ne, kuma bai taɓa hawa abin da ya fi motar haya ta trotro tsayi ba. Gwiwa, gyauto, Hajji ko mutuncin da ya salwanta wajen bin matakan nan, na mai shi ne. Kuma kada ka zo kana tambayata wa ya ci faɗan. Katangar tana nan inda take. Alhaji Moro har yau da gefe yake shiga gidansa, sai dai yanzu kafin ya matsa ya wuce, yakan tsaya ya ƙwanƙwasa ta sau biyu, daga ciki a amsa masa sallama.