Maganin da ya kama mai shi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Mai'adua yi wa ragon Kawu Sale magani ba. Kawu Sale shi ne mahaifin Hindatu, wadda nake nema, kuma har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ina karatun haɗa magunguna, kuma a makaranta mun haɗa wani abu: da sanyi ruwa ne tsululu, da ya ji ɗumin jiki sai ya daskare kamar kamu, ya rufe ciwo, ƙuda ba ya samun wuri. Da na ji ragonsa ya yanke a cinya, ko karyawa ban tsaya yi ba. Na cusa kwalbar a aljihun wando, na hau babur daga Daura cikin zafin bazara (ni da na san abin da zafi ke yi masa).

Na tarar da Kawu da maƙwabtansa a zaure. Na zuba bayani, har da Turanci. Aka kayar da rago, na buɗe kwalba na tuntsurar. Ko ɗigo. Na girgiza, na bubbuga, gumi na keto mini.

"Likita, ko shi ma sai an yi masa allura?" in ji Kawu.

Gwaggo, matarsa, ta karɓa ta jiƙa kwalbar a ruwan randa har maganin ya narke. Sai aka kira sallah. Cikin rawar jiki na mayar da ita aljihu, ban ɗaure murfin da kyau ba.

Muna idar da sallah na ji cinyata ta yi nauyi. Maganin ya tsiyaye gaba ɗaya, ya ji ɗumina, ya daskare, farin wandona ya manne a daidai inda bai kamata ba. Tun daga masallaci nake tafiya a tale.

Kawu ya duba da kyau ya ce, "To, alhamdu lillahi, yana aiki."

Ruwan sanyi kaɗai ke sakinsa. Haka na tsaya a tsakar gida ina kwara wa kaina ruwan randa, Hindatu na miƙo moɗa, ta kawar da kai, kafaɗunta na rawa. Kunya kamar in nutse.

Ragon dai da man shanu ya warke. Ni kuma an ba ni Hindatu, don Kawu ya ce wanda ya fara gwada magani a jikinsa ba zai cuci 'yarsa ba. Tun daga ranar, sai na ga abu ya fito daga kwalba nake buɗe baki.